Gagarabadau

gagarabadau (suna, namiji). 1. Gungumen itacen da ake gindayawa a ƙofar gari. 2. Jarumi ko wani ƙarfi da ba mai iya tare shi. Kirarin sarakuna da mayaƙa.

Tushensa aikatau ne, *gagara*, wato fin ƙarfin mai son tanƙwarawa, kuma daga nan ne *gagarau* da *gagararre* suka fito. A ganina ma'ana ta biyu daga ta farko ta tsiro. Wani zai ce ai gungume a tsaye yake, ina shi ina ƙarfin da ke tafe yana ture komai? Amsar tana cikin aikatau ɗin: *gagara* gazawar abokin karo take aunawa, ko abin na gudu ko na tsaye. Dubi Ɗan Tunku, wanda ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a bayan hawansa a 1819. Kano ta yi ta kai masa yaƙi shekara da shekaru ba ta tanƙwara shi ba, har Sakkwato ta amince da ƙasarsa Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta.