Daga Kashi Zuwa Kilo: Yadda Sikeli Ya Shigo Cinikin Kifi A Wurinmu

Jama'a, yaron da ya tashi yau a Sabon Ibadan, ya ga ana rataya tarwaɗa a ƙugiyar sikeli ana cewa kilo kaza naira kaza, sai ya zaci haka abin yake tun fil azal. Ina! Kakanninmu da aka keɓe wa wannan unguwa a shekarar 1916 ba su san awon kifi da nauyi ba. Sana'o'in da suka kafa Sabo, wato goro da shanu, babu wadda ake ɗora wa sikeli. Goro ƙirga shi ake yi, ɗari ƙwarya guda. Sa kuwa ido ke yi masa kuɗi, dillali ya zagaya shi ya dafa ƙugunsa ya faɗi abin da zai yi. Hatsi da mudu ko tiya, yadi da kamu. Mizani na masu zinariya ne, su ke maganar miskali.

Inda talakan Arewa ya fara karo da sikeli sosai shi ne wajen sayar da gyaɗa, bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai auduga da fatu. A nan Kudu kuma koko ne ake aunawa. Kuma gaskiya ba a rabu da daɗi ba, domin mai saye ne ke da sikelin, shi ke karanta lambar, manomi sai dai ya tsaya ya zuba ido. Daga nan ne muka sami kalmar laba, daga nan ne kuma tsofaffinmu suka ɗauki zargin da har suka koma ga Allah ba su ajiye ba, cewa sikeli ɗan gidan mai saye ne.

To kifi fa? Kifin da ya fi zuwa mana a da banda ce, daga Tafkin Chadi, ta Baga da Maiduguri, sai na Yawuri da kewaye bayan an gama madatsar Kainji a 1968. Banda a kwando ko buhu take zuwa, daga baya a kwali, kuma a haka ake cinikinta. Akwai dalili. Kifi in ya sha hayaƙi yana zubar da fiye da rabin nauyinsa, saboda haka wanda ya fi nauyi sau da yawa shi ne wanda bai bushe ba, shi ne zai fara ruɓewa a hanya. Gwanin banda ɗaga kwando yake yi ya jijjiga, ya sansana, ya karya gutsure ya duba ko ƙwari sun shiga. Mai sayar da ɗai-ɗai kuma ya kasa kashi-kashi a faifai.

Abu biyu suka canja lamarin a shekarun 1970. Na farko gwamnati: an bar fam da sule an koma naira a farkon 1973, sa'an nan dokar awo ta 1974 ta ɗora ƙasar a kan kilo da lita. Kilo ɗaya ya ɗan ɗara laba biyu, kuma an daɗe ana rigima a kasuwa kafin kai ya ɗauka. Na biyu kifin ƙanƙara, su taitus da shawa, da suka cika gidajen sanyi na Ikko lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa. Wannan kifi da nauyinsa a rubuce a jikin kwali yake zuwa, galibi kilo 20. Wanda ya saya da kilo kuwa dole ya koyi sayarwa da kilo, in ba haka ba jari ya narke tare da ƙanƙarar.

Amma abin da ya sa sikeli ya zauna daram shi ne kiwon tarwaɗa, wanda ya bunƙasa a kewayen Ibadan daga wajen shekarar 2000. Ranar kwashe tafki, mai kiwo da matan Yarbawa masu sari da yaranmu masu ƙyafewa duk a gindin sikeli ɗaya suke tsayawa, kuma a nan ake yawan sa-in-sa. An cire nauyin robar ko ba a cire ba? An bari ruwa ya tsane? A kan roba guda abin ba ya kai komai, amma a kan roba hamsin kuɗin buhun abincin kifi ne. Mu da muke zaune a garin wasu mun san yadda ƙaramar magana a kasuwa ke girma. Abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 daga 'yar taƙaddama ya taso.

Sikelin farko da 'yan kifi suka saba da shi mai fuskar agogo ne, irin na Salter, da sifirin a ciki. Yana da juriya, ba ya son batir, sai dai sifirin na gajiya, ruwan kifi kuma na sa shi tsatsa, allurar ta daina komawa sifili. Mai lamba na zamani ya fi shi faɗin gaskiya, har yana da maɓallin cire nauyin roba, amma jiƙa na kashe shi, in batir ya yi sanyi kuma sai ya fara rawa. Namu ra'ayin, mai sari ya nemi na rataye wanda ya fi ƙarfin kayansa nesa, mai sayar da kilo ɗaya ko biyu kuma kada ya auna a kan sikeli mai ɗaukar kilo 100, domin rabin kilo ɓacewa yake yi a tsakanin layuka. Gwaji ba wuya: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, buhun siminti cikakke kilo 50. A yi gwajin a gaban mai saye kafin a ɗora kifi.

Ko a Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ya kai ziyara, sikeli ne alƙali a bakin Matan Fada. A 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi. A 2008 kuwa sikeli ya faɗi nauyi daidai, aka ba da kyauta, daga baya aka karɓe ta bisa zargin cewa kifin ya riga ya mutu tun kafin a shiga ruwa.