Sawakin: garin bakin teku da alhazan ƙafa suka bi zuwa Makka

1/ Tun ina ƙarami a Horo Birni nake jin kakata na cewa ƙanen babanta "ya yi Gabas", bai dawo ba. Na ɗauka Makka kawai take nufi. Ashe kafin Makka akwai wata ƙofa da alhazanmu ke bi: Sawakin. Ku biyo ni 🧵

2/ Sawakin tsohon gari ne a Sudan, kan ɗan tsibiri a gaɓar Bahar Maliya. Nan masu aikin hajji a ƙafa ke shiga jirgin ruwa su ƙetara Jidda. Wasu sai sun yi shekaru a hanya, suna noma da ƙwadago don tara guzuri.

3/ Gidajen garin da dutsen murjani na cikin teku aka gina su, benaye masu tagogin katako da aka sassaƙa. Turkawan Daular Usmaniyya sun riƙe shi tun ƙarni na 16.

4/ Ina ruwan Basakkwace da shi? Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira Gabas, ya yi shahada a Burmi. Ɗansa Bello Mai Wurno ya wuce da jama'a Sudan. Har yau akwai garin Mai Wurno can, kuma ana jin Hausa.

5/ To me ya kashe Sawakin? Mashigin ruwansa ya yi wa manyan jirage ƙunci. A 1905 Turawan Ingila suka fara gina Port Sudan a arewa da shi, aka buɗe a 1909. Fatake suka kwashe suka koma can.

6/ Shi kuwa ginin murjani sai da gyara da shafe a kai a kai. Da masu gida suka tashi, iskar gishiri da danshi suka cinye bango. Yau yawancin tsibirin kango ne.

7/ Ku dubi Jidda a ɗaya gaɓar: irin ginin ne fa, amma an riƙe tsohon garin, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2014. Sawakin kuwa, a Disamba 2017 Erdogan ya je, Sudan ta amince Turkiyya ta farfaɗo da shi.

8/ Abin da ya taɓa ni shi ne namu na gida. Sifawa na nan cikin Bodinga, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Kullum ina wucewa a mota, wallahi ban taɓa sauka ba.

9/ Kakata ta rasu ban tambaye ta sunan garin da labarin kawun nata ya yanke ba. Idan gidanku akwai tsoho mai labarin hajjin ƙafa, ku kunna waya ku naɗi muryarsa wannan hutun. Ni dai na makara. Allah Ya jiƙan magabata.