Hannun da Ba a Naɗewa a Dambe

A ƙasar Tofa, kamar sauran karkarar da ta kewaye birnin Kano inda gona ke manne da gona, dambe wasan kaka ne tun asali. Sai an yanke gero da dawa an kai rumbu, kuɗi ya shigo hannun manomi, sannan mahauta su taso da makaɗan kalangu su bi garuruwa suna neman abokan karawa. Duk mai ba da labarin wasan, hannun da aka naɗe da zare yake yabo, wato mashi, domin shi ke kai mutum ƙasa. Ɗaya hannun, garkuwa, wanda ɗan dambe ke miƙawa gaba a buɗe, ba kasafai ake ambatonsa ba. A ganina kuwa wannan buɗaɗɗen tafin ne ginshiƙin dambe, kuma shi ya bambanta shi da damben Turawa.

Akwai tsohuwar shaida a rubuce. A shekarar 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a Kano, ya ji labarin 'yan damben Hausa, ya sa wuri 2,000 don a zo a yi wasa a gabansa. Suka zo da makaɗa, mahautan gari na biye da su. A littafin tafiyar da aka buga a 1826, ya bayyana yadda aka naɗe wa kowanne hannun dama da ƙyallen saƙi, suka tsaya nesa da juna suna tare duka da hagu a buɗe, suna kai naushi da dama idan sun sami kafa, galibi a ciki da ƙarƙashin haƙarƙari. Idan suka haɗe, sai ɗaya ya maƙale kan ɗan'uwansa a hammata ya yi ta kirɓa. Kimanin shekara ɗari biyu ke nan. An sauya dokoki, an hana abubuwa da dama, wasa ya tashi daga dandalin ƙauye ya shiga gidan dambe da tikiti, amma tsayuwar tana nan: hannu ɗaya a naɗe a baya, ɗaya a buɗe a gaba.

Wasu za su ce ai kwaikwayon mayaƙi ne kawai, mashi a dama, garkuwa a hagu, al'adar da aka gada ba a tambayi dalilinta ba. To, amma abin da ba shi da amfani ba ya daɗewa a fagen da kuskure ɗaya ke jawo kisa, wato a kai mutum ƙasa. Ƙasusuwan bayan hannu ƙanana ne, ƙoƙon kai kuwa tauri gare shi, shi ya sa wanda ya dunƙule hannu tsirara ya kai wa kai naushi yakan karya ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa. Mahauci da hannunsa yake ci, gobe da sassafe wuƙa zai riƙe. Saboda haka hannun duka aka ɗaure shi tamau, wanda ba a ɗaure ba aka bar shi a buɗe, inda ƙarfin karo ke sauka a gindin tafi ya wuce ta damtse. Wasu ƙasashen ma nan suka tsaya. 'Yan kokawar sumo a Japan da tafi suke mari da tunkuɗa. William Fairbairn, wanda ya yi aikin ɗan sanda a Shanghai, ya koya wa sojojin Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu su doki haɓa da gindin tafi maimakon naushi.

Wani kuma zai ce duk da haka garkuwa ba ta kisa, kuma ba don ita ake cika fili ba. Gaskiya ne, waƙoƙin da mawaƙi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago ba yabon kare kai ba ne. Sai dai mashi daga nesa ake ɗauko shi, yana zagayowa kafin ya sauka, kuma wannan ɗan lokacin garkuwa ce ke sayo shi. Ita ke auna tazara, ita ke tare wa abokin karawa gani, ita ke dafe kafaɗarsa ta ture shi har ƙafarsa ta goce, sannan duka ya same shi ba shiri. Turmi uku ne kacal, wanda ya sauke garkuwarsa don gajiya da wuya ya ga na ukun.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa a sa wa 'yan dambe safar hannu biyu don kare lafiya, kamar yadda dokokin Queensberry na 1867 suka kawo a Ingila. Niyyar mai kyau ce, amma safa hannun mai duka ta fi karewa, ba ƙwaƙwalwar wanda aka daka ba, kuma hannu biyu masu naushi sun fi ɗaya yawan sauka a kai. Gyaran da dambe ke bukata a fili yake: a duba naɗi kafin a shiga, a haɗa mutum da tsaransa a nauyi, a ajiye likita a bakin fili. Masu shirya wasa, daga Tofa har gidajen damben birni, su yi waɗannan, su bar garkuwa a buɗe.