Hukuncin wanda taɓin hankali ya sa yake cewa shi wani ne daban

Tambaya: Mutum ne ya wayi gari yana cewa shi ne Mahadi, ko yana cewa matarsa ba ita ba ce, an musanya ta. Shin ya yi ridda? Me ya wajaba a kan iyalinsa?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ka sani, akwai ciwon ƙwaƙwalwa da ke raba mutum da gaskiyar abin da ke kewaye da shi, har ya taɓa yadda ya san kansa. Wani yakan ji muryoyi suna ba shi umarni. Wani yakan ji tunanin da ke zuciyarsa ba nasa ba ne, cusa masa aka yi. Wani kuma ya sakankance shi sarki ne ko waliyyi. Ba ƙarya yake shirgawa ba, a wurinsa yaƙini ne, shi ya sa gardama ba ta sauko da shi.

Daga cikin sabubbansa akwai sikizofireniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun kusan mutum 1 cikin 300, kuma ta fi farawa a ƙuruciya. Akwai shan wiwi, akwai kuma wanda ke kama mace 1 zuwa 2 cikin 1000 a makonnin jego.

Game da hukunci, malamai sun haɗu a kan cewa hankali sharaɗi ne na taklifi. Abin da ya furta a wannan hali ba ridda ba ne, sakinsa kuma bai auku ba. Kada ka kafirta shi.

Abin da ke kanka shi ne nema masa magani da wuri, domin jinkiri yana tsananta ciwon. Idan kana Samaru ko Sabon Gari, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Ruƙya ta shari'a ba ta hana ganin likita, amma duka da ɗauri da mari zalunci ne.

Ka riƙa kiransa da sunansa, kada ka gaskata da'awarsa, kada kuma ka yi masa dariya. In ya samu sauƙi, kar ka bari ya daina shan magani sai da izinin likita. Da yawa sukan koma iyalinsu da sana'arsu.

Allah ne Mafi sani.