Burkutu: Yadda ake dafa ta da matsayinta a kudancin Sakkwato

Burkutu giya ce ta gargajiya da ake yi da dawa, kuma mata ne suka fi riƙe sana'ar a cikin gidajensu. Ana jiƙa dawar, a baza ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, sannan a dafa a manyan tukwane. Bayan an tace, sai a zuba ragowar tsohuwar giya a bar ta ta tashi. Aikin kan ci kwanaki, amma burkutun ba ta jure ajiya; shi ya sa ake sha a ƙwarya a inda aka dafa ta.

Baƙon da ya sauka Tambuwal ko Kebbe ba zai tarar da mashaya a fili ba. Yankin yana cikin ƙasar da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya kafa daularta, kuma a 2000 gwamnatin Attahiru Bafarawa ta ƙaddamar da Shari'a a Jihar Sakkwato. Hukuncin Musulmin da ya sha giya bulala 80 ne. An fi sanin burkutu can kudu, wajen Zuru a Jihar Kebbi, a tsakanin masu bin al'adun gargajiya.

Abin shan kasuwannin Tambuwal shi ne fura da nono da kunun zaƙi. Shi ma kunun daga gero ko dawa yake, sai dai ana shan sa da ɗanyen tsaminsa, kafin zafin rana ya juya shi.