Wa Zai Biya Kuɗin Riƙon Maraya? Tarihin Taimakon Iyayen Riƙo a Amurka

A ƙasar Hausa in uwa ta rasu ta bar jinjiri, goggo ko inna ko kaka takan goya shi, ba mai tambayar nawa za a biya. Ana ce da shi ɗan riƙo, amma sunan ubansa yana nan, gadonsa kuma a gidan ubansa yake. A Amurka riƙo iri biyu ne. Akwai na ɗan lokaci, inda hukuma ke ajiye yaro a wani gida tana biyan masu gidan kowane wata. Akwai kuma na har abada, inda alƙali ke yanke dangantakar yaro da waɗanda suka haife shi, ya mayar da shi ɗan sabon gidan, da suna da gado duka. Wannan na biyun yana cin kuɗi ƙwarai. In ta hannun ƙungiya mai zaman kanta aka bi, da ladan lauya, da binciken gida, da kuɗin asibitin mai haihuwa, sau da yawa abin yakan wuce dala 30,000. Mai karatu na Nijar ya lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalar nan ta tamma biyar ba. Yadda aka yi gwamnati da ikilisiyoyi suka shiga ɗaukar wannan nauyi labari ne na shekara sama da 170.

Jihar Masacusets ce ta fara kafa dokar irin wannan riƙo a shekara ta 1851, ta ce sai alƙali ya duba ya ga masu neman yaron sun cancanta. A lokacin ba a zancen taimaka wa masu riƙo da kuɗi, gama yaro kansa dukiya ne a gona. Birnin Niyu Yok ya cika da 'ya'yan baƙi matalauta masu kwana a titi. Wani mai wa'azi, Charles Loring Brace, ya kafa ƙungiyar taimakon yara a 1853, a shekara ta gaba kuma ya soma aika su cikin jirgin ƙasa zuwa ƙauyukan manoma na yamma. In jirgin ya tsaya sai a jera yaran a majami'a ko ɗakin taro, manoma su zo su zaɓa. Daga 1854 zuwa 1929 an kwashe yara wajen 200,000 ta haka. Waɗansu sun sami iyaye na gaskiya, waɗansu kuwa barantaka kawai suka yi ba lada. Da yawansu ma ba marayu ba ne, talauci ne ya raba su da iyayensu. 'Yan Katolika sun yi kuka cewa ana kai 'ya'yansu gidajen da ba na ɗarikarsu ba, har suka shirya nasu jiragen.

Wannan magana ta talauci ita ce ta kai ga taron da Shugaba Theodore Roosevelt ya kira a fadarsa a 1909. Taron ya tsaya a kan cewa kada a raba yaro da iyayensa saboda rashin abin hannu kaɗai. Jihar Ilinoi ta soma ba gwauraye mata masu 'ya'ya ɗan kuɗin wata a 1911, sauran jihohi suka bi, a 1935 kuma gwamnatin tarayya ta sa abin cikin dokarta. Ashe taimakon farko da aka yi don yara marasa galihu a hannun uwar da ta haifa aka sa shi.

Sa'an nan zamani ya juya. Injuna suka shiga gona, aka hana sa yara aiki, mutanen birni marasa haihuwa suka soma neman jarirai don ƙauna. Masu nema suka fi jariran yawa, inda aka sami haka kuwa ciniki ba ya nisa. A birnin Memfis wata mace, Georgia Tann, ta shugabanci gidan yara daga 1924 zuwa 1950. In cikin jihar Tenesi aka ba da yaro, wajen dala 7 ake karɓa, amma ita takan kai su wurin masu arziki na Niyu Yok da Kalifoniya ta karɓi ɗaruruwa. Takan karɓe yara daga mata matalauta da ruɗi, wani lokaci a ce wa uwa jaririnta ya mutu. Ana ƙiyasta yara wajen 5,000 suka bi ta hannunta. Ta mutu a 1950, ana cikin bincike, ba ta tsaya gaban shari'a ba.

Amma ba kowane yaro ake rububinsa ba. Jariri lafiyayye yana da masu jira, yaro mai shekara tara, ko gurgu, ko 'yan'uwa uku da ba a so a raba, ko baƙar fata a zamanin wariya, sukan daɗe suna yawo daga gidan riƙo na ɗan lokaci zuwa wani har su girma. Abin mamaki shi ne doka kanta ce ta tsare su a wurin. A ce wata mata tana riƙon yaro mai farfaɗiya shekara huɗu, ta shaƙu da shi, tana so ya zama nata. Muddin riƙon na ɗan lokaci ne, hukuma tana biyan abincinsa da maganinsa. Ran da alƙali ya sa hannu ya zama ɗanta, kuɗin wata ya tsaya, kuɗin asibiti ya koma kanta. Mata da yawa masu ƙaramin albashi suka ga ba za su iya ba, suka bar abin yadda yake, yaron kuwa kowace rana ana iya ɗauke shi a kai wani gida. Cikin shekarun 1960 jihar Niyu Yok ta fara gyara wannan, ta ci gaba da biyan iyalin bayan riƙon ya zama na har abada. Waɗansu suka yi gunaguni cewa bai kamata a biya mutum don ya ƙaunaci ɗansa ba. Amsar ma'aikatan kula da yara ita ce kuɗin na maganin yaron ne da abincinsa, kuma ko ba a ba da shi nan ba, ana kashe wanda ya fi shi a riƙon ɗan lokaci.

A watan Yuni na 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta mayar da wannan taimako na ƙasa duka. Yaron da aka lissafta cikin masu wuyar samun gida yana da kuɗin wata har ya kai shekara 18, yana kuma da maganin da gwamnati ke biya wa matalauta. Daga 1986 aka ƙara da mayar wa iyali abin da suka kashe wajen lauya da kotu, har dala 2,000 kan kowane yaro. A dukan tarihin nan ba dokar da ta kai wannan amfani, ko da yake ba ita aka fi ambata ba. Dalili kuwa, girman taimakon yana bin bukatar yaron ne, kuma yana shiga hannun mutanen da yaron ya riga ya sani. Da aka ƙara wata doka a 1997 mai hanzarta shari'ar yaran da suka daɗe suna jira, yawan waɗanda ake ɗauka daga hannun hukuma ya tashi daga wajen 28,000 a 1996 zuwa wajen 50,000 a 2000. Fiye da tara cikin goma na irin yaran nan suna samun kuɗin watan. Masu ɗaukarsu kuma galibi iyayen riƙonsu ne na dā, ko danginsu na jini.

Hanya ta biyu ta haraji ce. Dave Thomas, wanda ya kafa gidajen abinci na Wendy's, shi kansa ɗan riƙo ne tun yana jariri. Ya kafa gidauniya a 1992, ya yi ta roƙon kamfanoni su taimaki ma'aikatansu masu ɗaukar yara kamar yadda suke taimakon masu haihuwa, ya kuma yi magana gaban majalisa. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ce a rage wa iyali har dala 5,000 daga harajinsu saboda abin da suka kashe, dala 6,000 in yaron mai wuyar samun gida ne. A 2001 aka ɗaga shi zuwa 10,000, yana kuma hawa kowace shekara bisa ga tsadar kaya, har ya kai 17,280 a 2025.

Sai dai ragin haraji ya daɗe da lahani guda, wato a dā sai mai biyan haraji da yawa ke cin moriyarsa. Likita da matarsa da suka kashe dubbai sukan sami ragin duka. Kakar da ta ɗauki jikokinta uku, wadda ba a binta harajin kirki, ba ta da abin da za a rage mata. A 2010 da 2011 an gwada biyan kuɗin a hannu ga wanda harajinsa bai kai ba, amma ofishin haraji ya tsananta bincike, iyalai da yawa suka yi watanni suna jira, aka kuma bar tsarin. A farkon 2013 aka tabbatar da ragin ya zauna, ba tare da biyan hannu ba. A 2017 waɗansu 'yan majalisa suka so soke shi gaba ɗaya, shugabannin ikilisiyoyi da ƙungiyoyin riƙo suka tashi tsaye, cikin 'yan kwanaki aka janye maganar. Sai a Yuli na 2025 aka yarda a riƙa biyan har dala 5,000 a hannu.

Masu bi ba su jira gwamnati ba. Tun 1955 wani manomi na jihar Oregon, Harry Holt, da matarsa Bertha, suka ɗauko yara takwas daga Koriya bayan yaƙi. Doka ta lokacin biyu kaɗai ta yarda, sai da majalisa ta yi musu doka ta musamman. Ƙungiyar da suka kafa a 1956 ta buɗe ƙofar ɗauko yara daga ƙetare. Bayan shekara ta 2000 abin ya zama babban motsi cikin ikilisiyoyin bishara. Mawaƙin nan Steven Curtis Chapman da matarsa Mary Beth, waɗanda suka ɗauki 'yan mata uku daga Sin, suka kafa gidauniya a 2003, wadda aka sani da Show Hope, tana ba iyalai gudummawar dubban daloli. Waɗansu ƙungiyoyi sukan ba da rance ba ruwa, waɗansu sukan ce in ikilisiyarku ta tara dubu, mu ma za mu ƙara dubu. Iyalai sukan sayar da kayan gida da abinci a ƙofar majami'a don cika sauran. Yara da yawa, har da masu ciwon zuciya da naƙasassu waɗanda da sun ƙare kwanakinsu a gidan marayu, sun sami iyaye ta wannan hanya.

Duk da haka kuɗi mai yawa da ya shiga ƙasa matalauciya yakan jawo irin su Georgia Tann. A 2004 Amurkawa sun ɗauko yara kusan 23,000 daga ƙetare, ba a taɓa kai haka ba. A Gwatamala, inda lauyoyi ke karɓar dubban daloli kan kowane jariri, an kai ga wajen ɗaya cikin ɗari na jariran da ake haifa yana tafiya Amurka, aka kuma sami labaran sayen jarirai da satarsu, har ƙasar ta rufe ƙofa daga 2008. A Habasha an tarar da yaran da aka rubuta marayu alhali iyayensu suna da rai, waɗansu iyayen ma sun ɗauka karatu yaran suka tafi za su komo. Majalisar ƙasar ta hana ba baƙi yara a Janairu na 2018. Mutanen Cadi sun ga irin wannan da idonsu, ko da yake daga Faransa ya zo musu. A Oktoba na 2007 aka kama 'yan wata ƙungiya mai suna L'Arche de Zoé a Abeshe suna shirin sa yara 103 a jirgin sama, suna cewa marayun Darfur ne. Iyalai a Faransa sun riga sun ba da dubban yuro suna jiran yaran. Da aka bincika sai aka ga yawancinsu 'yan Cadi ne, suna kuma da uwa ko uba ko dangi. Kotun Njamena ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara takwas, Shugaba Idris Debi ya yafe musu a Maris na 2008. Yawancin masu ba da kuɗin nan da zuciya ɗaya suka ba da shi. Amma abin da aka kashe wajen ƙetare da yaro guda ya isa ya ciyar da gidan da ya fito shekaru da yawa, wannan tambaya kuwa ta dami masu bi da dama cikin motsin kansa, har waɗansu ƙungiyoyi suka juya ga taimakon iyalai a ƙasashensu. Rasha ta rufe wa Amurkawa ƙofa daga 2013, Sin ta daina ba da yara waje a 2024. A 2023 yaran da aka kawo Amurka daga ƙetare ba su kai 1,500 ba.

A cikin gida kuwa yara sama da 100,000 ne ke hannun hukuma suna jiran iyaye a 2021, ɗaukarsu kuma kusan kyauta ne. Dokokin baya-bayan nan sun karkata wajen dangi. Ta 2008 ta ba jihohi izinin biyan kaka ko kawu da ya karɓi yaro ya zama waliyyinsa, ba sai an yanke dangantakarsa da iyayensa ba. Ta 2018 ta yarda a ɗebi kuɗi daga asusun nan da aka kafa a 1980 a yi wa uwa ko uba maganin shaye-shaye ko na taɓin hankali, a kuma koya musu reno, tun yaron yana gida ba a kai ga ɗauke shi ba.