KULAWA DA HANNUN TAYAR MOTAR JIF DA YADDA AKE SAUYA SHI

Gabatarwa

Babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Daura ta ratsa ta cikin garin Kazaure, amma da yawa daga cikin ƙauyukan ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura sai an sauka daga kwalta ake isa gare su. A sassan Kazaure da Roni akwai duwatsu da tsakuwa, a Babura kuwa, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, rairayi ya fi yawa. Wannan ne ya sa magidanta masu hali suke sayen motar jif domin ɗaukar iyali. Sai dai ƙarfin motar ba ya hana ƙafarta lalacewa, musamman hannun taya, wanda makanikai suke kira lowa-am.

Aikin hannun taya

Hannun taya ƙarfe ne da yake haɗa taya da gangar jikin mota. A gefen da ya kama jikin mota akwai bushin na roba, yawanci guda 2, a gefen taya kuma akwai gaɓa mai juyawa wadda aka sani da boljoyin. Shi ne yake barin taya ta yi sama da ƙasa a kan gargada ba tare da ta kauce daga mazauninta ba. Motoci irin su Toyota Highlander da RAV4 suna da hannu ɗaya na ƙasa a kowace tayar gaba, ita kuwa Prado tana da na sama da na ƙasa.

Abubuwan da suke lalata shi

Ƙarfen kansa yana daɗewa, roba da gaɓar ne suke saurin gajiya. Zafin bazara yana busar da roba har ta tsattsage. Idan rigar robar boljoyin ta yage, ƙurar hunturu da taɓon damina suna shiga su cinye gaɓar. Man inji da yake ɗiga a kan bushin yana ruɓar da shi. Haka nan afka wa rami da gudu, ko lafta wa mota buhunan gero da riɗi lokacin kaka, yana iya lanƙwasa ƙarfen.

Alamomin lalacewa

1. Ƙarar bugun ƙarfe daga gaba idan an hau gargada ko an taka birki.
2. Mota tana janyewa gefe guda alhali iskar tayoyi daidai take.
3. Taya tana cinyewa ta ciki kawai ko ta waje kawai.
4. Sitiyari yana rawa, ko mota tana yawo a kan miƙaƙƙiyar hanya.

Duk wanda ya lura da ɗaya daga cikin waɗannan, ya kai motar gareji tun da wuri. Idan boljoyin ya ɓalle ana cikin tafiya, taya tana kwantawa nan take, kuma sitiyari ba zai ƙara sarrafa ta ba. Makanike zai ɗaga motar da jak, ya riƙe taya ta sama da ƙasa ya girgiza, sannan ya sa ƙarfe ya gwada bushin. Yana da kyau a yi wannan bincike kafin faɗuwar damina da kuma bayan ɗaukewarta.

Yadda ake sauya shi

Idan bushin ne kawai ya mutu, ana iya fitar da shi a matsa sabo. Idan kuwa ƙarfen ya lanƙwashe ko ya tsage, sai a sauya shi gaba ɗaya. Kada a yarda a gasa shi a miƙe ko a yi masa walda, domin wuta tana rage masa ƙarfi.

Masu zuwa sayen kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano su tafi da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, tare da tsohon ƙarfen domin kwatantawa. Na dama da na hagu ba sa musanya. Idan na hannu za a saya, a duba robarsa da kyau, domin sau da yawa ta riga ta tsufa.

Wajen ɗaurawa, a tokare motar da abin tokara mai ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai. Babban abin kiyayewa shi ne, ba a yi wa notin bushin ɗaurin ƙarshe sai an sauke motar nauyinta ya zauna a kan tayoyi. Idan aka ɗaure taya tana reto, robar za ta zauna a murɗe, ta yage ba da jimawa ba. A sa sabon fil a notin boljoyin, a duba ɗaya ɓangaren domin tare suka tsufa, sannan a yi alaimin kafin a hau hanya.

Kira ga jama'a

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, da jami'an duba lafiyar motoci suna da hurumin tsayar da motar da ba ta cancanci hawa hanya ba. Ana kira ga magidanta da su riƙa duba ƙafar motocinsu kafin doguwar tafiya, musamman lokutan Sallah da bukukuwa, lokacin da ake cika mota da mata da yara. Allah Ya kiyaye hanya, amin.